Rijiyar Kufai Marar Suna

Duk ƙasar Gaya da Ajingi a wancan zamani, in ana maganar mutum mai ƙanƙan da kai, sunan Ɗanladi mahaƙin rijiya ake fara kamawa, kuma ba wanda ya fi Ɗanladin sanin haka. In ana taron suna ko ɗaurin aure, shi ne can bakin tabarma, wajen da ake tuɓe takalma. In aka kawo tuwo sai ya ja da baya ya ce, "A'a, ku fara, ni na ƙarshe ne." Amma da za ka dubi idonsa a lokacin, sai ka ga yana yawo a fuskokin mutane yana neman wanda ya lura. In wani dattijo ya ce, "Kai, Ɗanladi akwai ladabi," to ranar ko bai ci tuwon ba ya ƙoshi.

Kirista ne, shi da matarsa Hansai, su kaɗai a unguwarsu ta gefen Toranke. Iyayensa Maguzawa ne. Yana saurayi ƙasa ta rufto masa a wata rijiya ta karya masa cinya, ya yi wata huɗu kwance a asibitin mishan, a can ya karɓi addinin. Karatunsa bai yi nisa ba. Abin da ya fi zauna masa a kai shi ne labarin ranar da Almasihu ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa, da koyarwar nan cewa mai son girma ya koma baya ya yi wa mutane hidima. Da gaske Ɗanladi ya riƙe wannan, ba wasa yake ba. Inda gizo yake saƙar shi ne ya koma bayan, amma ya bar kunnensa a gaba. Hansai ce kaɗai takan taɓo masa wurin. Takan ce, "Maigida, wannan tawali'un naka da makaɗinsa yake yawo." Sai ya yi dariyar yaƙe ya fita.

Akwai abu guda da yake so har cikin ɓargonsa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Al'adar mahaƙan wannan yanki ce, ranar da ruwa ya fashe a rijiya, wanda daginsa ya huda shi ne yake fara fitowa, jikinsa jiƙe sharkaf, abokin aikinsa ya jira a ƙasa. Da an ga kansa a bakin rijiya shi ke nan, rijiya ta ci sunansa. Ga Rijiyar Kabo a Kademi, ga Rijiyar Gaji a hanyar Gaya. Masu su sun daɗe da zama ƙasa, amma ba ranar da za ta fito ta faɗi ba a ambace su ba. Ɗanladi kuwa shekara ashirin yana haƙa a ƙarƙashin wani, kullum shi ne mai jira a ƙasa. Ga shi shekararsu ashirin da aure, ko ɓari Hansai ba ta taɓa yi ba. Yana tsoron ranar da za a rufe shi a rufe har da sunansa.

Maigidan nasa a sana'a shi ne Baba Bunu, wani dogon tsoho da kakanninsa suka taso daga Barno suka zauna nan tun kafin zuwan Turawa. A da, in Baba Bunu ya taka wuri ya ce a haƙa, to a tanadi guga. Amma a shekarar babban farin nan, shekara uku bayan yaƙin basasa, ya haƙa rijiya biyu a jere ba ko danshi, mutane suka fara cewa tsufa ya cinye masa ido. Rijiyoyin gari suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin mata da 'yan mata suna yini a bakin guda su koma da rabin tulu na laka. Da abin ya kai maƙura, mai gari ya ce a buɗe rijiyar kufai, kuma Ɗanladi ne zai ja aikin. Baba Bunu ya zo da ƙafarsa ya roƙa a bar shi ya yi kwasar ƙasa. Ɗanladi ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a ya ce, "Haba Baba, ni wa?" Sannan ya karɓi dagin.

Kufan yana gabas da gari, tafiyar da ba ta isa gajiyar da mutum ba, amma ba mai zuwa. Ba wanda ya san su wa suka zauna a can, ko me ya tashe su. Sai tudun rusassun katangu, da wata kuka guda, da rijiyar, bakinta rufe da itatuwa da ƙaya. Ko akuya ba ta kiwo kusa da ita. Abin da ya fi damun mutane shi ne ba ta da suna. Kowace rijiya ta wane ce, ita kuwa ko tsohuwar da ta fi kowa shekaru a Toranke ba ta taɓa jin an ce ta wane ce ba. Ɗanladi ya ce shi ba ya tsoron komai, Ubangijinsa ya fi ƙarfin duk abin da ke ciki. A ransa kuwa murna yake, don rijiya marar suna ita ce abin da ya daɗe yana nema.

Aka kafa gwafanni biyu, aka gitta gungume, aka ɗora igiya. Ƙarti shida ne za su riƙa ja. Igiyar mutum ɗaya take ɗauka. In aka jijjiga ta sau ɗaya kwandon ƙasa ne, in sau uku mutum ne. Aka fara zura aci-balbal a cikin ƙwarya, ta je ta dawo da wutarta, alamar iskar ƙasa ba ta da illa. Sannan aka saukar da Ɗanladi, Baba Bunu ya biyo baya.

Gaba goma sha huɗu ce zurfinta. Tun a hanya Ɗanladi ya lura da matakan da mahaƙan farko suka sassara a bango: tsakanin kowane da mai bi masa ya fi ƙarfin ƙafar mutum, ko da dogo ne kamar Baba Bunu. Ƙasan a bushe yake, ga sanyi, alhali a sama rana tana gasa mutane. Ya yi gyaran murya, shiru. Sai da ya sunkuya ya ɗauki dagi, ya gyara tsayuwa, sannan gyaran muryar ya dawo masa daga bangon da ke bayansa.

Ya ce, "Baba, ka ji?"

Baba Bunu yana saka aci-balbal a wani ɗan rami a bango, bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Na ji. Ɗanladi, kome ta ce maka, kada ka amsa mata."

Tsohon ya zagaya ƙasan rijiyar yana manna kuncinsa a bango, yana ɗebo ƙasa yana ɗanɗanawa. Da ya zo gefen gabas, inda wani baƙin dutse ya ɗan leƙo, sai ya tsaya ya ce ruwan yana ƙarƙashin dutsen nan. Ɗanladi ya ce, "Ai Baba ku ne manya, mu me muka sani?" Ya faɗa da ladabin da ba ka taɓa ji ba, sannan ya kafa dagi a tsakiya. In ya huda inda tsohon ya nuna, ai rabin rijiyar ta Bunu ce ko da ba wanda ya sani, shi kuwa duka yake so.

Kwana tara suna haƙa tsakiya. Kwando yana hawa da busasshiyar ƙasa, a sama masu tuluna suna duba ta su kau da kai. Kullum da safe Baba Bunu zai nuna dutsen sau ɗaya, ba ya ƙarawa, ya ci gaba da cika kwando yana tari. Kuma kullum in rana ta take, haske ya sauko har ƙasa na ɗan lokaci, sai Ɗanladi ya ji magana. Ba muryar aljani ba ce irin wadda ake ba da labari. Muryarsa ce shi kansa, a hankali, daga bango, kamar mai gwada sabuwar riga: "Rijiyar Ɗanladi." Ya saci kallon tsohon ya ga wannan karon bai ji komai ba. Tsigar jikinsa takan tashi, amma in za a faɗi gaskiya, yakan ƙagu rana ta take.

A rana ta goma ƙarfinsa ya ƙare, girman kansa ma ya fara jin ƙishirwa. Ya bari sai da Baba Bunu ya juya baya yana ɗaura kwando, ya matsa gefen gabas a sace, ya cusa dagi ƙarƙashin baƙin dutsen. Sara na farko, na biyu. A na uku dagin ya shige kamar an ja shi daga ciki, ruwa ya yi tsartuwa ya daki bangon yamma ya jiƙa su duka biyun. Baba Bunu ya waiwayo baki buɗe ya ce, "Alhamdu lillahi!" Ya yi dariya kamar yaro.

Amma ba ruwa kaɗai ya fito ba. Ramin ya ja wani dogon huci, wutar aci-balbal ta tsuke ta koma shuɗiya, ta mutu. Duk mahaƙi ya san wannan. Iskar da ta daɗe kulle a ƙarƙashin ƙasa ce, ba ta da wari, nauyi gare ta, daga ƙasa take taruwa ta yi sama, mai shaƙarta sai ya ji barci mai daɗi. Baba Bunu da yake a sunkuye shi ta fara kamawa. Ya zauna daɓas a cikin ruwan, dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba, kansa ya langaɓe.

Ɗanladi ya kwance kwandon ya jefar, ya riƙe igiyar. Guda ce. Kafin ta kai mutum sama ta dawo, an isa a cinye malmalar tuwo a wanke hannu. Wanda ya jira a ƙasa ba lalle ne ya kai ba, in kuwa tsohon ne, ba ko tantama. Kuma duk wanda kansa ya fara bayyana a bakin rijiyar nan jiƙe, rijiyar tasa ce. Ya ga samu ya ga rashi.

"Hau," in ji muryar. Yanzu ba daga bango take ba, a gefen kunnensa take. "Kai ka huda. Al'ada ce, ba wanda zai zarge ka. Ka aiko masa da igiya."

Ya sa ƙafa a madaukin igiyar. Ya dubi Baba Bunu, ruwa ya kai masa cinya, gemunsa ya kusa taɓawa. Ya cire ƙafar.

Sai muryar ta yi laushi. "To, madalla. Ɗaura shi. In ka fito ka ba su labari. Za a ce ba a taɓa yin irin Ɗanladi ba, ya huda ruwa kuma ya ba tsoho igiya. Ka ga ka ci riba biyu ke nan."

Wannan ce ta fi ba shi tsoro, domin ya gane ta. Ba yau ya fara jin ta ba, kuma ba a kufai ta samo asali ba. Shi ya sauko da ita a kan igiya. Ya buɗe baki zai ce mata ta yi shiru, ya tuna gargaɗin tsohon, ya datse haƙora.

Ya ɗago Baba Bunu ya zura masa igiya ta ƙarƙashin hammata, ya ƙulla sau biyu. Ya yi mamakin rashin nauyinsa; ashe duk kwanakin nan da yunwa tsohon yake cika kwando. Kada ka ce wani farin ciki ya sauko wa Ɗanladi a lokacin. Haushi yake ji, da tsoro, da baƙin cikin abin da yake saki da hannunsa. Ya jijjiga igiyar sau uku. Tsohon ya tashi sama yana juyawa a hankali, ruwa yana ɗiga daga tsagaggun dugadugansa a kan fuskar Ɗanladi.

Ya laluba ya samu matakin farko ya hau, don ya ɗaga hancinsa sama da inda iskar ta taru. Na biyun ya yi masa nisa, ya maƙale a nan, yatsunsa cikin laka. Can sama, 'yar farar da'irar bakin rijiyar ta rufe ta sake buɗewa, an fitar da tsohon. Sai ya ji guɗa. Ta sauko masa siririya, wata ta karɓa, sannan hayaniyar maza, sannan suna guda ana ta maimaitawa. Ba nasa ba ne.

Igiya ba ta dawo ba.

Ya yi kira, muryarsa ba ta wuce kansa ba. Ruwa yana hauhawa a ƙasa ba ƙara, baƙi ƙirin, a tsakiyarsa farar da'irar sama da inuwar kan wani mutum yana kallonsa. Ya ɗaga ido sama, ba kowa a bakin rijiyar. Ya mai da ido ƙasa, kan yana nan.

"Ka ji su?" in ji muryar. "Sun manta da kai. In ka mutu a nan ba wanda zai san abin da ka yi."

Barcin ya fara zuwa, mai daɗi kamar na bayan ruwan farko. Ya yi ƙoƙarin addu'a, duk abin da mai bishara ya koya musu ya gudu daga kansa. Abin da ya fito shi ne, "Yesu, ka gan ni?" Sai kunya ta kama shi, ashe ko a bakin mutuwa mai kallo yake nema. Ya jingina goshinsa da bango ya ce, "Ka yi mini jinƙai." Ita ya yi ta nanatawa har ya daina jin bakinsa.

Wani abu ya daki kafaɗarsa, igiya ce. Bai san yadda ya ƙulla ta ba, bai san hawansa ba. Ya dai farfaɗo ya gan shi kwance a inuwar kuka, ƙirjinsa kamar an ɗora masa turmi, Hansai tana yi masa fifita da gefen zanenta, tafin hannunta duk ya ɗaye. Ashe masu jan igiya da suka ga tsoho a sume, ga kuma ruwa a jikinsa, sai suka saki igiyar suka rufu a kansa, wasu na murna wasu na salati. Ita ce ta ratsa maza tana ihu akwai mutum a ciki, ta jefa igiyar ta kama ja ita kaɗai kafin su dawo hayyacinsu. Ba mugunta ba ce, ƙishirwar wata bakwai ce ta ga ruwa.

Ta ce, "Kwanta, kada ka motsa. Bari in samo maka ka jiƙa maƙoshi." Ta ɗauki ƙwarya ta nufi taron.

Daga inda yake yana hango komai. An jinginar da Baba Bunu da gwafa, ya farfaɗo, mai gari da kansa ya tsuguna a gabansa ya riƙe masa hannu. Tsohon yana cewa shi bai tuna komai ba, ya dai san tun ranar farko ya ce a gabas ruwan yake. Mutanen da suka ce tsufa ya cinye masa ido su ne suke cewa ai da tsohuwar zuma ake magani. Hawaye yana bin gemun tsohon, bai damu ya share ba.

Ɗanladi ya fara shirya maganarsa. Zai bari a natsu, ya je ya durƙusa gaban mai gari, ya fara da cewa shi ba kowa ba ne, sannan a hankali ya kawo zancen dagi da igiya. Har ya ji yadda za a yi shiru, yadda za a juyo. Kalmomin suna zuwa masa a jere, sumul, ba gargada, sai ya lura da muryar da take jera masa su. Ya runtse ido. Dagin dai a hannunsa yake, wannan gaskiya ne. Amma kwana tara ya hana gari ruwa don kada a ce tsohon ya fi shi sani, wannan ma gaskiya ne, kuma ba ya cikin jawabin da ya shirya.

Ya ji takun shanu. Bubayero ne, wani Bafulatani da ya saba ratsowa ta nan, yana tafe da ragowar garkensa, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Ya ga taro ya yi yawa, sai ya ratse wajen mutumin da ya gani shi kaɗai a gindin kuka, ya dogara sandarsa.

Ya ce, "Sannu, Malam. Da gaske ne an samu ruwa a kufan nan?"

Ɗanladi ya gyaɗa kai.

"Allah mun gode maka. Mutanenmu suna can warwatse daga nan har bayan Ajingi, shanu suna faɗuwa. Yau zan aika ruga-ruga a gaya musu. In ce musu rijiyar wa?"

Ɗanladi ya dubi dama ya dubi hagu. Ba kowa. Duk sun juya masa baya, har Hansai ta ɓace a cikin taron. Abin da ya faɗa wa mutumin nan shi zai bi shanu ya zagaye ƙasar kafin kasuwar Gaya ta ci, kuma ba mai iya kamo shi. In ya ba da, ba wanda zai ga ya ba da.

Ya ce, "Ta Bunu ce."

"Ta wa?"

"Bunu. Ka ce musu Rijiyar Bunu."

Bafulatanin ya maimaita sau biyu don kada ya manta, ya yi godiya, ya juya ya kora shanunsa. Ko da Hansai ta dawo da ruwan, ta tarar da mijinta ya juya fuska ga kukar yana kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ta ɗauka ƙirjin ne ya tashi, ta tallafo kansa ta ba shi ya sha.